Sai na sayi karanshaf na bilet kafin in sa wa injina turbo?

"Assalamu alaikum Oga. Ina zaune a Agege, ina da Lexus IS300 ta 2003 mai injin 2JZ-GE. Injin ya fara shan baƙin mai, za mu sauke shi, sai na ce tunda buɗewa za a yi, gara in yi aikin gaba ɗaya in sa masa turbo. Doki 450 zuwa 500 nake nema. Wani abokina ya ce in ban canza karanshaf ba aikin banza zan yi, wai in yi odar na bilet, wanda ake sassaƙawa daga gungumen ƙarfe guda, daga Amurka, irin mai mayar da injin lita 3.4. Wani kuma ya ce in shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo in ɗauko na Toyota Supra. Kuɗin na bilet ɗin ya tsorata ni. Wanne zan saya? Motar ita nake shiga kullum zuwa wurin aiki a Ikeja."

Wa alaikumus salam, ƙanena. In na fahimce ka, kana so ka san ko karanshaf ɗin da ke cikin injinka, wato sandar ƙarfen da ke mayar da hawa da saukar fistin zuwa juyi, zai ɗauki doki 500, in kuma ba zai ɗauka ba, da wanne za a maye shi. Amsar a taƙaice: zai ɗauka, muddin yana da lafiya. Kada ka sayi ko ɗaya cikin biyun da aka ce maka tukuna. Amma na san abokan nan naka za su tare ka da gardama, don haka bari in ba ka dalilai yadda za ka iya tsayawa a gabansu.

Abin da ke cikin injinka

2JZ silinda shida ne a jere, faɗin silinda milimita 86, tafiyar fistin ma milimita 86, jimilla cc 2,997. Karanshaf ɗinsa yana zaune a kan manyan metal guda bakwai, wato shimfiɗun ƙarfe masu santsi da yake juyawa a kansu, cikin bulok na ƙarfen zubi. Abin da mai tura ka Ladipo bai sani ba shi ne, karanshaf ɗin 2JZ-GE na IS300 da GS300 shi ne dai na 2JZ-GTE da ke cikin Supra mai turbo. Toyota ba ta yi musu daban-daban ba, ƙirarren ƙarfe ne duka. In ka je ka biya kuɗin suna, abin da ka baro a gida za ka sayo, sai dai ba ka san tarihin wannan ba. Masu tsere a Amurka da Japan sun daɗe suna haura doki 800 da wannan karanshaf na kamfani.

Inda GE ɗinka ya gaza GTE a wasu wurare ne. Naka mai VVT-i ne, wato tsarin da ke canza lokacin buɗewar bawul, kwanrod ɗinsa kuma, sandunan da ke haɗa fistin da karanshaf, sirara ne, su ne farkon abin da ke lanƙwashewa in turbo ta fara hurawa da gaske. Matsin silindarsa 10.5 ne, na GTE kuwa 8.5, kuma bulok ɗinka ba shi da 'yan bututun nan masu fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi. Fistin da kwanrod, nan kuɗinka zai fara zuwa.

Zubi, ƙira da sassaƙa

Karanshaf iri uku ne, kuma duk wanda ya taso a garinmu ya san ukun nan tun kafin ya ga inji. Akwai na zubi, kamar yadda ake narka alminiyon a zuba a ƙasa a fitar da tukunya. Akwai na ƙira, kamar yadda maƙeri ke sa ƙarfe a wuta ya yi ja ya daka shi ya zama fartanya, sai dai a kamfani wata ƙatuwar na'ura ce ke matse shi cikin ma'auni. Sai na sassaƙa, wanda ake kira bilet: a ɗauko gungumen ƙarfe guda a yi ta rage shi da inji har siffar ta fito, kamar masassaƙi da turmi.

Na zubi shi ne mai araha, kuma ba abin raini ba ne, motoci miliyoyi suna yawo da shi. Laifinsa shi ne in ya gaji ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, karyewa yake yi. Na ƙira ya fi shi juriya domin dukan da ya sha ya tattara jijiyar ƙarfen, ta bi siffar karanshaf ɗin tana lanƙwasa tare da shi. Na sassaƙa kuma, wuƙar inji ta yanke jijiyar nan a wurare da yawa, amma ana zaɓar masa ƙarfe mai tsabta, kuma mai yi yana iya ba shi duk tsawon tafiya da siffar da ya ga dama ba tare da ya ƙera sabon ma'auni ba. Wannan ne ainihin dalilin da ya sa yawancin masu ƙara girman inji suke zuwa a bilet. Guda ɗari ko ɗari biyu ake yi, ba dubu ɗari ba.

Za ka ga ana rubuta 4340 a jikin tallar. Sunan haɗin ƙarfen ne: akwai nikel, da kuromiyam, da molibdinam a ciki, 40 ɗin ƙarshe kuma yana nufin kabon kashi 0.40 cikin ɗari. Akwai 5140 mai rahusa da bai kai shi ba. Amma ga abin da masu talla ba sa faɗa: wajen taurin lanƙwasa, ƙarfen 4340 da ƙarfen ƙira na kamfani kusan ɗaya suke. In siffarsu ɗaya, nauyi ɗaya zai lanƙwasa su daidai da juna. Fifikon 4340 shi ne ya fi daɗewa yana shan wannan lanƙwasa da miƙewa kafin ya tsage. A doki 500, karanshaf ɗinka bai ma kusanci inda wannan bambancin zai yi magana ba.

Juyi ke kashe shi, ba doki ba

Mutane suna kawo mini lissafin doki, ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne: juyi nawa a minti za ka riƙa kai shi? Duk juyi ɗaya, fistin yana tsayawa cik sau biyu, sama da ƙasa, ya juya da gudu, kuma kwanrod da wuyan karanshaf, wato wurin nan mai santsi da ke juyawa cikin metal, su ne ke riƙe shi. Wannan fizgar ba ta ƙaruwa daidai da juyi, ninkin kanta take yi. Daga juyi 6,000 zuwa 8,000 ka ƙara kashi ɗaya cikin uku ne kawai na gudu, amma fizgar ta ninka sau 1.78. Shi ya sa inji mai turbo da ke ba da doki 500 a juyi 6,500 ya fi tausaya wa karanshaf a kan wanda ba turbo amma kullum allurarsa tana 8,500.

Kai da za ka bi ta Oba Akran da safe cikin cunkoso, sau nawa a mako allurarka za ta wuce 5,000? Ka tsayar da iyakarka a wajen 7,000, ka manta da batun.

Maganar lita 3.4

Wannan ita ce ta fi jan hankalin samari, kuma ban ga laifinsu ba. Kamfanoni irin su Brian Crower da HKS suna sayar da kayan. Wanda aka fi sani yana ƙara tafiyar fistin daga 86 zuwa 94, in aka buɗe silinda zuwa 87 sai injin ya kai wajen cc 3,350. Ƙarin kashi 12 cikin ɗari ke nan. Amfaninsa na gaske shi ne ƙarfin ja tun daga ƙasa, da kuma tayar da babbar turbo da wuri.

Sai dai ba karanshaf kaɗai za ka saya ba. Ƙarin milimita 8 yana nufin fistin zai ƙara hawa da milimita 4, ya ƙara sauka da 4. Fistin ɗinka na yanzu zai leƙo saman bulok ya daki kan silinda, don haka dole a sami wanda aka matsar da fil ɗinsa sama, ko a gajarta kwanrod. Wani lokaci sai an ɗan ci gindin bulok domin kwanrod ya sami hanyar wucewa. Tsawon kwanrod ɗin 2JZ milimita 142 ne. In ka raba da 86 za ka sami 1.65, in ka raba da 94 ya sauko 1.51. Ma'anarsa kwanrod zai ƙara karkata, fistin ya ƙara jingina da bangon silinda, ci ya ƙaru. Gudun fistin ma ya hau: a juyi 8,000, mai 86 yana cin wajen mita 23 a daƙiƙa, mai 94 kuwa ya taɓa mita 25, inda injin da ake so ya daɗe bai kamata ya riƙa zama ba.

Akwai kuma abin da ba a gani sai an kwantar da karanshaf an leƙa ta tsaye. Kaurin babban wuya na 2JZ milimita 62 ne, na wuyan kwanrod 52. Da'irorin nan biyu suna hawa kan juna da milimita 14, kuma wannan haɗuwar ita ce ƙashin bayan karanshaf. In ka ja tafiyar zuwa 94, haɗuwar ta ragu zuwa 10. Ka ga ke nan wani kaso na ƙarfin 4340 ɗin da ka biya, biyan bashin wannan ragin yake yi.

Duk wannan ya halatta ga mai neman doki 900 da ƙatuwar turbo. Kai matsakaiciyar turbo a kan lita 3 za ta kai ka 500 tana tashi da wuri. Ban ma kawo maganar dala da kuɗin jirgi da na kwastan a kan ƙarfen da ya haura kilo 20 ba.

Yadda za ka san naka yana da lafiya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yawan yin sakaci. Da an fitar da shi, a wanke shi tas da kananzir, a bi ramukan mai da ɗan buroshi siriri, a hura iska. Sannan a duba launi. Wuyan da ya yi shuɗi ko baƙi ya taɓa yin zafi saboda yunwar mai, taurinsa ya tafi, ba na aikin turbo ba ne ko da an goge shi ya yi ƙyalli.

Sai awo da maikuromita, ba da ido ko farce ba. Kowane wuya a auna shi wuri huɗu: gaba da baya, sannan a juya kwata a sake. Ana neman ko ya zama ƙwai, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. In bambancin ya kai milimita 0.02, sai an gyara. Daga nan a ɗora wuyan farko da na ƙarshe a kan mazauni, a sa agogon awo a na tsakiya, a juya a hankali a ga ko allura za ta yi rawa. Wannan awon ba na tsallake shi a Legas, saboda ruwa. Damina biyu da suka wuce an jawo mini wata mota daga Lekki da ta sha ruwan ambaliya ta hanci. Kwanrod biyu sun lanƙwashe, kowa ya gani. Karanshaf kuwa fes yake a ido, yarona har ya fara shafa masa mai zai mayar. Na ce ɗora shi tukuna. Allura ta yi tsalle kusan milimita 0.2. Da mun rufe injin nan, da metal ɗin tsakiya bai yi wata guda ba.

Tsagewa ita ce mugun abu, kuma kusan kullum daga wuri biyu take farawa: bakin ramin mai, da 'yar kwanar nan da wuya ya haɗu da kumatun karanshaf. Hanya mafi inganci ita ce gwajin maganaɗisu, inda ake watsa garin ƙarfe ya taru a kan tsagar. Masu gyaran manyan injinan janareta da na jirgin ruwa su ne za ka tambaya. In ba ka samu ba, akwai feshin jan launi mai gwangwani uku. In shi ma babu, ga ta iyayen gidanmu: a jiƙa shi da kananzir, a goge ya bushe, a shafe kwanonin da garin alli, a ɗan buga kumatun da guduma. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya zana siririn layi mai duhu a kan farin allin, kamar gashi guda a kan faranti. Na kuma saba rataye shi da igiya in ƙwanƙwasa: lafiyayyen ƙirarre yana amo ya daɗe kamar ƙararrawar makaranta, mai tsaga sai ya ce maka "ƙwal" ya yi shiru. Amma amo shaida ce kawai, ba hukunci ba.

In sai an yanka

Mu kanikawa muna cewa yanka goma, yanka ashirin, wato rage milimita 0.25 ko 0.50 a sa metal mai kauri. Ga motar haya wannan ba komai ba ne. Ga injin turbo, na fi son a goge kawai a bar shi a ma'auninsa na asali. In dole ce, yanka goma, a tsaya nan. Ba wai siranta ce ke ba ni tsoro ba, 0.25 a kan 52 ba wani abu ba ne. Tsorona kwanar nan ce. In mai yankan bai gyara gefen dutsensa ya ba shi lanƙwasar da ta dace ba, sai ya bar kaifin lungu a gindin wuya, kuma nan ne duk gajiyar ƙarfen za ta taru.

Na koyi wannan da kuɗina. Shekarun baya na kai wani karanshaf wurin yanka, aka dawo mini da shi yana sheƙi, awo ya cika daidai, ban sa yatsa na shafa kwanar ba. Wata huɗu ya yi, ya rabu biyu a hanyar Ikorodu, daidai gindin wuyan ƙarshe kusa da fulawil, faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke bayan inji. Da na duba karayar, ga layukan nan kamar na bakin rafi suna nuna inda tsagar ta faro daga lungun tana ci a hankali. Ni na biya injin. Tun daga ranar nake tsayawa a kan mai yanka har ya gama.

Wani abu kuma: taurin da ake yi wa wuyan karanshaf a fata yake. Wanda aka yi da wutar lantarki yana ɗan shiga ciki, amma na naitiraidin, wanda ake yi da iskar naitirojin, irin na yawancin bilet, siriri ne ƙwarai, yanka ɗaya na iya cinye mafi taurinsa. Wato in ka sayi na bilet ya ci metal wata rana, gyaransa a nan ba ƙaramin aiki ba ne.

In naka ya faɗi jarrabawa, to sai Ladipo. Ka tafi da maikuromita da bakanikenka, kada ka yi aike. Ka nemi wanda za a kwance daga cikin inji a gabanka, ba wanda ya kwana a ƙasa damina ta bi ta kansa ba, domin tsatsar da ta yi rami a wuya ba ta goguwa. Ƙirarre ana gane shi da faffaɗan tabon haɗi a gefensa, na zubi layinsa siriri ne kamar zare. Ka kula kada a miƙo maka na 1JZ, kamarsu ɗaya a ido amma tafiyarsa 71.5 ce. Kuma haƙorin taimin na gaba, ka mayar da naka na asali, domin da shi ƙwaƙwalwar motarka take ƙirga juyi.

Abubuwan da ke kewaye da shi

Yawancin karanshaf ɗin da na gani sun mutu, ba su suka kashe kansu ba. Na farko fulin gaba. Ba fuli ba ne kawai, akwai roba a tsakaninsa mai shanye murɗewar da dogon karanshaf na silinda shida yake yi duk bugu. Robar motar 2003 ta haura shekara ashirin tana shan zafin Legas, kuma an san na 2JZ da rabuwa in ya tsufa. Ka sa sabo na kamfani, ko na ATI ko Fluidampr. Abin da ba zan yafe maka ba shi ne ka cire shi ka sa ɗan fulin alminiyon mara roba mai launi don ado.

Na biyu tazarar metal. Ƙa'idar da muke bi a injin da zai yi aiki mai nauyi ita ce wajen milimita 0.01 a kowane milimita 10 na kaurin wuya, wato kusan 0.05 a wuyan kwanrod ɗinka. Ta kamfani ta fi haka matsewa kaɗan. A auna kowanne, ko da zaren Plastigauge ne, zaren robar da ake matsewa tsakanin wuya da metal a ga tazarar, a rubuta a takarda. A kuma duba wasan da karanshaf yake yi gaba da baya, musamman in za ka sa kuloci mai tauri, don shi ke cin woshar gefe.

Daidaita nauyi a injinka mai sauƙi ne. Silinda shida a jere a daidaice yake tun asali, ba kamar V6 ko V8 ba da sai an ɗaura wa karanshaf nauyin gwaji. Abin da ake buƙata shi ne sababbin fistin da kwanrod su yi nauyi ɗaya, bambancin kada ya wuce giram guda, sikelin masu sayar da gwal ma ya isa. In ka sami inda za a juya karanshaf da fulawil tare a na'ura, ka yi.

Na uku, wanda ya fi duka, fetur. Namu na gidan mai ba ya kai ƙarfin oktan 98 da masu bidiyon da kake kallo suke zubawa, kuma daga gida zuwa gida yana bambanta. In turbo ta matsa, wuta ta tashi kafin lokacinta, kowane bugu kamar guduma ne a kan metal ɗin kwanrod. Yana matse fatar man da ke tsakani har ƙarfe ya taɓa ƙarfe, injin ya buga, a ce karanshaf ne bai da kyau. Na bilet ma haka zai ci. Saukar da matsin silinda zuwa wajen 8.5 ko 9, da babban mai sanyaya iska, da mutumin da ya iya saita ƙwaƙwalwar mota a kan fetur ɗin da za ka riƙa sha da gaske, su ne masu tsaron karanshaf ɗinka. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ban ga injinka ba, kuma shan baƙin mai da ka ambata yana iya zama rin ne kawai ko robobin bawul, yana kuma iya zama an taɓa tafiya da shi ba mai, wanda sai an buɗe za a gani. Injinan da suka haura doki 800 kuma ba su ne aikina na yau da kullum ba. In burinka ya koma can wata rana, ka nemi wanda ya haɗa irinsu da yawa. Sannan ka fara tanadin giya tun yanzu, don ta IS300, ko mai canza kanta ko ta hannu, ba a yi ta don doki 500 ba, ita za ta riga karanshaf kuka.

In kun sauke injin, ka ce wa bakanikenka ya jera metal ɗin a kan kwali bi da bi, daga na ɗaya zuwa na bakwai, na kwanrod ma haka, kada a cakuɗa su. Ka ɗauki hotonsu da na wuyoyin, ka turo mini tare da awon da aka rubuta. Karanshaf ɗin kuma a shafe shi da mai, a naɗe da leda, a tsayar da shi a kan gindinsa a ɗaure da bango, kada a bar shi kwance a ƙasan gareji yara suna tsallake shi.